Kafin ka zana dodo, haƙa wa garin rijiya

Shekara biyu ke nan ina jan wani wasa a zauren gidanmu duk yammacin Asabar, ni da ƙannena da 'ya'yan yayata da abokansu biyu. Babu kwamfuta a cikinsa, babu waya. Takarda ce da fensir da 'yan ƙwayoyi irin na lido, sai dai su waɗannan wata fuska takwas gare ta, wata goma sha biyu, babbar cikinsu ashirin. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikinsa: wannan barde, waccan mai magani, wancan falke da aka yi wa fashi. Mai jan wasa ya ce, "Kun iso ƙofar gari, rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi?" Su faɗi abin da suka yi niyya, a jefa ƙwaya a ga ko ya yiwu. Tatsuniya ce da masu sauraro suka tashi daga kan tabarma suka shiga cikinta. Ba a sa ko sisi, ba wanda ke cin wani.

Daga Amurka wasan ya fito. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons daga wani ƙaramin gari a jihar Wisconsin, kuma tun daga nan mafi yawan irin waɗannan wasanni suke ɗora labarinsu a kan Turai ta tsakanin ƙarni na 5 da na 15, a ƙara mata matsafa da dodanni. Garin da ake zanawa kusan ɗaya ne a ko'ina. Fadar dutse a kan tudu, mashaya guda inda baƙi ke haɗuwa, maƙeri guda da ba ya ƙera komai sai takobi, da hasumiyar matsafi a gefe. Irinsa na zana a karon farko, na kwana uku ina ƙawata taswirar.

A zama na biyu abokan gaba suka yi wa garin ƙawanya. Ɗiyar yayata, wadda lokacin ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Kawu, su mutanen garin nan ina suke ɗiban ruwa?" Tana so ta san kwana nawa za su iya jurewa, don ta yanke shawarar ko su tsaya ko su fita da dare. Babu rijiya a taswirar, babu rafi, babu tafki. Na ƙirƙiro mata amsa nan take, amma na ga yadda fuskokinsu suka sauya. Daga wannan lokaci sun daina ganin gari, takarda suke gani.

Ra'ayina, kuma na riƙe shi da ƙarfi, shi ne garin ƙirƙira ba ya zama abin yarda saboda girman dodonsa ko yawan hasumiyoyinsa. Yana zama abin yarda ne idan mai zana shi ya san abin da mutanensa ke sha, abin da suke ci, wa ke rufe ƙofa, wa ake jin haushinsa. Kuma mu da muke magana da Hausa muna da malamin wannan darasi a ƙofar gida, amma yaranmu da suka fara shiga harkar, ko a wasa ko a rubutun labaran yaƙi, sun fi son kwafo garin da ba su taɓa shaƙar iskarsa ba.

A duba labarin da kowane ɗan firamare ya sani. A Daura akwai rijiyar Kusugu, a cikinta akwai maciji, kuma ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa aka ce babu. Ya ɗauki guga ya tafi. Ga dodo, ga jarumi, ga sarauniya, duk abin da mai tsara wasa ke nema. Amma abin da ya riƙe labarin tsawon ƙarnoni shi ne macijin nan a kan ruwan shan mutane yake zaune. Da a cikin wani kogo can bayan duwatsu yake kwance a kan tarin zinariya, kashe shi ba zai sa kowa ya ba baƙo rabin gari ba. Kakanninmu sun san inda ake ajiye dodo.

Turawan zamanin da ma ruwan ne ya sha musu kai. A ƙarni na 13 mutanen Landan sai da suka shimfiɗa bututun dalma daga maɓuɓɓugar Tyburn zuwa tsakiyar kasuwarsu ta Cheapside, saboda rijiyoyin cikin gari sun gaza. Majema da mahauta kuwa a kullum rigima ake da su, ana tura su gefen gari ko ƙasan kogi, don kada jini da ruwan jima su bi ta inda ake ɗiba. Har yau a birnin Yok na Ingila akwai wani siririn lungu da ake kira Shambles, wanda a wancan zamani layin mahauta ne. Mai tsara gari da ya san wannan, da zarar ya ja layin kogi a takarda, rabin aikinsa ya ƙare: masu hali suna sama inda ruwa ke da tsabta, masu sana'ar wari suna ƙasa, kuma tsakaninsu akwai gabar da ta girmi kowa a garin.

Sai abinci, wanda nan ne taswirori suka fi yin ƙarya. Za ka ga birni mai mutum dubu hamsin a tsakiyar kurmi, ba gona ko ɗaya a kewayensa. A yi lissafi mai sauƙi. Gari mai mutum 5,000, a ce kowa na cin rabin kilo na hatsi a rana, kilo 2,500 ke nan, buhu 25 kullum ta Allah. Ba a yi maganar itace ba, ba gawayin maƙera, ba harawar dawakin barade. Duk wannan a bayan jaki ko a kan amalanke zai shigo, ta ƙofa, daga ƙauyukan da ba su wuce tafiyar wuni ba. Shi ya sa a Turai ta wancan lokaci mafi yawan jama'a a ƙauye suke, kuma manyan birane ƙalilan ne: Landan wajen shekarar 1300 ba ta kai mutum 100,000 ba, Faris ce ke wajen 200,000. Masu shari'a a Ingila a ƙarni na 13 har ƙa'ida suke da ita, cewa sabuwar kasuwa da aka kafa ƙasa da mil shida da biyu bisa uku daga tsohuwa cutarwa ce gare ta. Tazarar ke nan da manomi zai je, ya sayar, ya dawo gida kafin duhu. Wanda ya taɓa bin kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako, yau nan gobe can, ya riga ya fahimci wannan ƙa'ida ba tare da ya karanta ta ba.

Nan ne nake son in daɗe a kan Kano, domin ita ta warware mini matsalar. An fara ginin ganuwarta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka ci gaba da faɗaɗa ta, musamman a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa kasuwar Kurmi ya kuma gina fadar da ke ɗauke da sunansa. Daidai ƙarnonin da masu wasan nan ke mafarkinsu ke nan. Da'irar ganuwar ta haura kilomita 15, kuma abin da ke ba baƙi mamaki shi ne yawancin abin da ta kewaye fili ne. Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya da ya zo a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Dutsen Dala na ciki, Gwauron Dutse na ciki, Jakara na ciki. Waɗanda suka gina ta sun yi wa kansu tambayar ɗiyar yayata tun kafin a haife mu: idan an kewaye mu, me za mu ci, me za mu sha, ina mutanen ƙauye za su tsaya da dabbobinsu? Ganuwar ita ce amsar.

Akwai kuma kududdufai. Duk gidan ƙasa da aka gina, daga wani wuri aka haƙo ƙasar tubalinsa, ramin kuma ya zauna, damina ta cika shi. Saboda haka tsohon gari mai ginin ƙasa dole ya cika da ramuka, kowace unguwa da nata, a nan ake wanki, a nan agwagi ke iyo, daga nan sauro ke tashi, a nan iyaye ke hana yara zuwa da labarin abin da ke zaune a ƙarƙashin ruwan. Ban taɓa ganin kududdufi a taswirar wasan da aka buga a waje ba. Ranar da na saka guda uku a garina, yaran da kansu suka raɗa musu suna, suka kuma yanke cewa na bayan marina ba a zuwa bakinsa bayan magariba.

Sa'annan 'yan wasa a kullum baƙi ne. Daga tafiya suke isowa, da ƙura a ƙafa, da makami a kafaɗa. Ina baƙo ke kwana? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mashaya mai ɗakuna a sama, ka ajiye tsabar zinariya a ba ka mabuɗi. Tamu amsar ta fi daɗin wasa nesa ba kusa ba. Ayari na isowa ƙarƙashin madugu, a sauka a zango, baƙo ya nemi fatoma. Fatoma shi ne mai masauki, shi ke ajiye kayanka, shi ke haɗa ka da dillali, shi ke tsaya maka idan mai saye ya ci bashi, kuma idan ka yi ɓarna a gari, shi za a fara kira. Ka ga mutum guda ya zama ƙofar labari goma. Yana da abokan gaba, yana da bashi a kansa, yana da dalilin ɓoye wani abu. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa su koya wa mai tsara gari yadda baƙi ke zama 'yan gari: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, Sharifai, da Fagge can wajen ganuwa. Kowane suna tarihin wata hanya ce, ta goro daga Gwanja, ta gishiri daga Bilma, ta kanwa daga Barno. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce a lokacin rani da fatake ke cika gari sukan kai 60,000. Wannan ma darasi ne: gari yana numfashi. Wanda ya shige shi da damina da wanda ya shige shi da kaka ba gari ɗaya suka gani ba.

Game da mulki, kuskuren da na fi gani shi ne a ajiye sarki a sama, dogarai a ƙasa, tsakaninsu wayam. Garin gaske cike yake da ƙananan masu iko. Mai unguwa, Sarkin Ƙofa, Sarkin Kasuwa, Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, alƙali, limami, kowa da hurumin da yake kishi. Marina na biyan kuɗin karofi, kuma wanda ke karɓa ya san ramin kowa. A Turai ƙungiyoyin masu sana'a ne ke riƙe da wannan gurbi, su ke cewa wa zai buɗe shago, shekara nawa yaro zai yi yana koyo. Ingila ta yi dokar farashin burodi da giya tun ƙarni na 13, mai gashin da ya rage nauyi a hukunta shi a bainar jama'a. Ana kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe wutarsa, kuma bayan babbar gobarar 1212 Landan ta hana rufin ciyawa. A garuruwan Jamus akwai al'adar cewa talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa, idan ya gudo birni ya yi shekara da kwana ɗaya ba a kama shi ba, ya 'yantu. A ba 'yan wasa mutumin da saura masa kwana uku ya cika, ga mutanen ubangidansa sun iso ƙofa. Ba a buƙatar dodo a wannan daren.

Za a ce mini ai wasa ne, kuma na tatsuniya, wa ya damu da buhunan hatsi a duniyar da ake tashi sama? Akwai gaskiya a ciki. Na san masu jan wasa da suka cika littafi guda da tarihin haraji da jerin sarakuna, 'yan wasa suna hamma. Ba na kiran kowa zuwa ga wannan. Abin da na rubuta a kan garina bai wuce shafi biyu ba. Amma daɗin wasan gaba ɗaya a kan shawara yake, kuma ba a yanke shawara a kan iska. Yaron da ya san cewa hatsin gari ta ƙofar gabas yake shigowa zai iya tunanin tare hanyar, ko kare ta, ko ɓuya a cikin mangala. Wanda aka ba shi fada da mashaya kawai, takobi kaɗai ya rage masa.

Sihirin ma sai an bi shi har inda ya kai. Idan a duniyarka akwai bokan da ke tsatso ruwa daga dutse, 'yan garuwa me suke ci, kuma yaya suke kallonsa? Sarki zai bar shi ya zauna a unguwa, ko zai ɗauko shi ya ajiye a fada? Idan akwai halittar da ke tashi sama tana aman wuta, doguwar ganuwa ta rage amfani, kuma mutanen da suka shekara ɗari suna fama da ita ba za su ci gaba da jinka da ciyawa ba. Za su yi soro da azara da ƙasa mai kauri, su haƙa rumbuna a ƙarƙashin ƙasa, su sa maharba a kan tudu. Tarihi ya nuna haka. Ganuwar Kustantiniyya, Istanbul ta yau, ta yi shekara dubu tana tsaye, igwa ta fasa ta a 1453, bayan nan masu gini a Turai suka koma yin katanga gajera mai kauri. Ta Kano ma bindigogin Turawa ne suka karya ƙofarta a Fabrairun 1903. Sabon makami yana sauya siffar gari, ko na ƙarfe ne ko na tsafi.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne hoton da ake kwafowa ma ba tsohon ba ne kamar yadda ake zato. Karkason ta kudancin Faransa, mai ganuwa biyu da hasumiya 52, ita ce irin garin da ake gani a waɗannan zane-zane. Amma a tsakiyar ƙarni na 19 ta kusa zama kufai, har an yi niyyar rushe ta. Wani magini, Viollet-le-Duc, ya gyara ta, kuma dogayen rufin nan masu tsini da ke burge mutane nasa ne, masana sun daɗe suna sukar sa cewa salon arewacin Faransa ya ɗora wa garin kudu. Wato yaron da ke zaune a unguwar Gwammaja ta Kano yana zana garin Turawa, kwafin gyaran wani yake kwafowa, alhali tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da Kurmi.

Ba ina cewa a ɗauki Kano ko Katsina ko Zariya a saka su a wasa da sunansu ba. A teburina ba na saka sunan waliyyi ko malamin gaske, ba na taɓa gidan sarautar da ke raye, kuma ina ganin ladabi ne kowa ya kiyaye wannan. Hikimar tsarin ake ɗauka a gina sabon wuri. Kuma wanda zai ɗauka ya ɗauka da gaskiya. A kasuwannin nan an sayar da mutane. Akwai rinji a bayan gari inda bayi ke noma hatsin da na lissafa ɗazu. Garin da aka share wannan daga cikinsa hoton bango ne, kamar yadda garin Turai da aka cire annobar 1347 zuwa 1351 daga tarihinsa, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar, ba gari ba ne. Da yara nake wasa, don haka ina auna abin da nake faɗa, amma ba na ɓoye cewa akwai wanda aka zalunta. Haka mata: zaren da masaƙa ke saƙawa, wanda marina ke rinawa, wanda mabuga ke bugawa har ya yi ƙyalli a kai wa Buzaye, mata ne suka kaɗa shi a cikin gida. Furar kasuwa su suka dama. Mai zana gari da ya manta da su ya manta da rabin dukiyar garin.

Tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da aka gabatar wa UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya. A tsawon waɗannan shekaru ana ta cin ta. Wani wuri an yi shaguna, wani wuri gidaje, wani wuri an kwashe ƙasar an yi gini da ita, wani wurin juji ne. Marinar Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarta da 1498, ramuka da yawa a cikinta sun bushe. Ina ganin akwai alaƙa tsakanin wannan da taswirar da na fara zanawa. Mutum ba ya kare abin da bai taɓa yin mafarki a cikinsa ba. Yaron da duk jarumtar da ya taɓa hangowa a cikin fadar dutse ta faru, idan ya girma ya ga ana sare ganuwa, tudun ƙasa zai gani.

Bayan sallar da ta wuce na kwashi 'yan teburin nawa muka je wani yanki da ganuwar ke tsaye har yanzu. Na nuna musu yadda ƙofa ke shigewa ciki kaɗan, yadda mai kawo hari zai samu kansa tsakanin katanga biyu. Ƙanena da ke wasa a matsayin barde ya tsaya a wurin ya ɗaga kai, ya ce da shi ne ba zai biyo ta nan ba. Ita kuwa ɗiyar yayata ta bi gindin ganuwar tana ƙirga taku, daga wannan gefe zuwa wancan, ta rubuta adadin a bayan taswirarmu. Ta tambaye ni ko Sarkin Ƙofa a nan kusa yake kwana, kuma idan ayari ya iso bayan an rufe, ko yana da ikon buɗewa shi kaɗai, ko sai ya aika fada. Asabar mai zuwa ayarin nasu zai iso Birnin Marke, garin da ke taswirarmu, bayan magariba, da mara lafiya a kan raƙumi.